Daga Allo zuwa Mutum-mutumi: Tarihin Kasuwar Kayan Karatu a Hanyar Gwanja

1.0 Gabatarwa

A arewacin Jamhuriyar Benin akwai garin Jugu, wanda ake rubutawa Djougou da Faransanci, babban birnin jihar Donga. An kasa ƙaramar hukumarsa gunduma 12, ɗaya daga cikinsu ita ce Seru, ƙasar manoman doya da dawa da masara. Daga Jugu zuwa Faraku, wato Parakou, tafiyar kimanin kilomita 135 ce. Waɗannan garuruwa biyu sanannu ne a tarihin Hausawa, domin sun kasance zanguna a kan hanyar da fatake ke bi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja neman goro. Ta wannan hanya haja ta bi, ta nan kuma allo da takarda da malamai suka bi.

A yau wata sabuwar haja ta shigo kasuwar ilimi ta duniya, wato mutum-mutumin koyarwa. Kamfanonin da ke kiyasin ciniki sun saɓa wa juna a kan alƙaluma, amma sun haɗu a kan cewa kuɗin da ake juyawa a wannan kasuwa ya haura dala biliyan ɗaya a shekara, kuma ƙaruwa yake yi. Dillalanta sun fara leƙo Afirka ta Yamma. Wannan muƙala ta bibiyi tarihin kayan karatu da suka ratsa wannan yanki, ta kawo asalin mutum-mutumin koyarwa da yadda ya zama haja, sannan ta auna abin da tarihi ke nuna wa iyaye da malamai a wuri irin Seru, inda kuɗi ke da wuyar samu, kuma kuskuren saye ke da tsada.

2.0 Kalmar da Abin da Take Nufi

Kalmar mutum-mutumi ta samu ne ta hanyar ninki, kamar yadda ake cewa ruwa-ruwa ko gishiri-gishiri idan abu ya yi kama da wani bai kai shi ba. Asalin ma'anarta ita ce surar mutum da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye da birai, ko wadda aka sassaƙa. Da zamani ya zo, sai aka faɗaɗa ma'anar ta ɗauki na'ura mai motsi da kanta. Wasu sukan ce butum-butumi, wasu kuma saƙago. Ita kuwa kalmar Turawa ta robot, ta fito ne daga harshen Cek, daga wata kalma mai nufin aikin tilas, kuma ta yaɗu ne sanadiyyar wasan kwaikwayon da Karel Capek ya wallafa a 1920. Ke nan Bahaushe siffa ya duba wajen raɗa suna, Bature kuma ya dubi aiki.

Yawancin waɗanda ake sayarwa makarantu ba su da surar mutum ko kaɗan. Akasari 'yar keke ce mai ƙafa biyu ko uku, girmanta bai wuce tafin hannu biyu ba. Sassanta uku ne: na'urorin da ke jin haske ko nisan abu, ƙaramin allon lantarki da ke karɓar umurni ya yanke hukunci, da inji mai juya ƙafafu. Yaro zai rubuta umurni a kwamfuta ko waya, ya tura mata, ita kuma ta aikata daidai abin da ya rubuta, ko da kuwa ba shi yake nufi ba.

Ƙera na'ura mai motsi da kanta tsohuwar sana'a ce. A ƙarni na 9 'ya'yan Musa bin Shakir su uku sun rubuta littafi a Bagadaza mai bayanin na'urori kusan 100. A 1206 Isma'il al-Jazari, injiniyan fadar Diyarbakir a ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala nasa littafin, wanda a ciki ya zana agogon giwa da wani bawan ƙarfe mai zuba ruwan wanke hannu. Sai dai waɗannan kayan fada ne, na burge sarki da baƙinsa. Shigar irinsu aji, a hannun yaro, sai a ƙarni na 20.

3.0 Allo a Zangon Fatake

A ƙarni na 19 fataucin goro ya kai ƙololuwa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki ko Faraku, su yada zango a Jugu, daga nan su miƙe zuwa Salga. Tafiyar takan ci watanni. A 1826 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama, yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000. A Jugu baƙin 'yan kasuwa sun zauna a unguwar Wangara, dabam da unguwar Kilir inda sarauta take, kuma harshen Dendi ya zama harshen kasuwa da masallaci, Hausa tana biye da shi a bakin fatake.

Kowane babban ayari yana da madugu da jagaba da uban dawaki, yana kuma da malamin ayari, wanda ke yin addu'a da rubuta wasiƙa da riƙe lissafi. Inda ayari ya daɗe, sai malami ya zauna, inda malami ya zauna kuwa, sai makarantar allo ta tsiro. Fitaccen misali shi ne Alhaji Umaru na Salga, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya bi mahaifinsa fataucin Gwanja, ya koyar a Salga, ya ƙare rayuwarsa a Kete Karaci a 1934, ya bar rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da ajamin Hausa.

Abin lura a nan shi ne kayan aikin wannan makaranta. Allo, masassaƙin gari ke yin sa. Alƙalami, almajiri ke fiƙe shi da kansa daga kara. Tawada, gawayi ne da ƙaro da ruwa. Idan an haddace abin da aka rubuta, sai a wanke allo a sake wani, allo ɗaya ya yi wa yaro shekaru, har ƙanensa ya gada. Abu ɗaya ne ke zuwa daga nesa, shi ne takarda. Takarda mai alamar jinjirin wata uku, wadda ake yi a arewacin Italiya, takan sauka a Tarabulus, ta ƙetare Sahara a kan raƙuma zuwa Kano, daga nan ta watsu. Saboda tsadarta, ba a ba mai koyon baƙi da farfaru. Sai wanda ya yi nisa, zai rubuta Alƙur'ani ko ya kwafi littafi. Wannan ya nuna cewa tun a wancan zamani kasuwar kayan karatu ta haɗa Jugu da Turai, amma mutanen lokacin sun ɗora tushen karatu a kan abin da suke iya yi da hannunsu, suka keɓe na waje ga matakin da ya cancance shi.

4.0 Alli, Littafi da Talabijin

Faransa ta kafa mulkin mallaka a Dahome a 1894, kafin ƙarshen wannan ƙarni kuma ta shimfiɗa ikonta zuwa arewa. Jirgin ƙasa daga Kwatano ya iso Faraku a 1936, hanyar haja ta juya daga gabas da yamma ta koma kudu da arewa. Makarantar boko ta zo da nata kayan: baƙin allon bango, alli, ɗan allon hannu, da littattafan da aka buga a Faransa. Ta zo kuma da sharaɗi mai nauyi, wato Faransanci kaɗai. A makarantun ƙasashen renon Faransa an san al'adar rataya wa yaro wata alama ta wulaƙanci idan aka kama shi yana magana da harshen gidansu. Kudancin Dahome ya yi fice da 'yan boko, amma arewa ta kasance a baya ƙwarai a yawan makarantu. Ƙasar ta samu 'yanci ran 1 ga Agusta 1960, ta sauya suna zuwa Benin a 1975, a shekarar da gwamnatin Mathieu Kerekou ta fito da tsarin da ta kira Sabuwar Makaranta. Jami'ar Faraku ba ta samu ba sai a 2001, kuma a 2006 ne gwamnatin Boni Yayi ta soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati.

Ƙarancin malamai bayan 'yanci ya sa aka fara tunanin ko na'ura za ta cike gurbin. A 1964 Nijar, maƙwabciyar Benin ta arewa, ta soma koyarwa ta talabijin da tallafin Faransa. Ana shirya darussa a Yamai, ana watsa su zuwa makarantu kimanin 20 a kewayen birnin, inda matasa masu ƙaramin horo ke kula da aji. Masana daga ƙasashe da dama sun yaba wa shirin, amma bai taɓa kaiwa ga mafi yawan yaran ƙasar ba. Kwaddibuwa ta ɗauki abin da girma a 1971, ta gina cibiyar shirya darussa a Buwake, ta raba akwatunan talabijin a dubban azuzuwa. A 1982 aka rufe shirin, bayan ƙorafin iyaye da malamai game da raunin yara a rubutu, ga kuma tsadar batir da gyara.

Bayan shekaru fiye da 20 labarin ya sake dawowa da sabuwar riga. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT a Amurka ya shelanta shirin kwamfutar dala 100 ga kowane yaro. Makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja tana cikin wuraren da aka fara gwada ta a 2007. Farashin bai taɓa sauka zuwa dala 100 ba, ya tsaya a kusan ninki biyu. Ƙasar Peru ta sayi ɗaruruwan dubbai, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ƙarin ƙoƙari a lissafi da karatun yaran da aka bai wa ba. A dukkan waɗannan gwaje-gwaje na'urar ta iso, abin da zai riƙe ta ne bai iso ba: wuta, kayan gyara, da malamin da ya san abin da zai yi da ita.

5.0 Salsala Biyu

Na'urorin koyarwa na zamani sun fito ne daga gida biyu masu mabambantan ra'ayi. Gida na farko na masu ganin na'ura ce za ta koyar da yaro. A shekarun 1920 Sidney Pressey na jami'ar jihar Ohayo ya ƙera akwati mai nuna tambaya da amsoshi, ɗalibi ya danna maɓalli, ba za ta wuce gaba ba sai ya dace. A shekarun 1950 B. F. Skinner na jami'ar Harvard ya sabunta wannan tunani, ya gutsuttsura darasi ƙanana-ƙanana, kowace gaɓa da sakamakonta nan take. An sayar da irin waɗannan akwatuna da yawa a Amurka a farkon shekarun 1960, daga baya kasuwarsu ta mutu.

Gida na biyu na Seymour Papert ne, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu a 1928. Masanin lissafi ne, ya yi shekaru yana aiki da Jean Piaget, masanin tunanin yara, a Janiba, kafin ya koma MIT. A 1967 shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiri Logo, harshen ba kwamfuta umurni da aka yi musamman don yara. Ba da daɗewa ba suka haɗa shi da wata na'ura mai ƙafafu da alƙalami a cikinta, suka kira ta kunkuru, suna da ya samo asali daga kunkurun lantarki da William Grey Walter ya ƙera a Biristol ta Ingila a ƙarshen shekarun 1940.

Aikin kunkurun mai sauƙi ne. Yaro zai ce masa ya yi gaba taku kaza, ya juya dama daraja kaza. Idan yana son murabba'i, dole ya gano cewa sai an yi gaba a juya daraja 90 har sau huɗu. Idan ya sa 80, zanen ba zai rufe ba, kuma da idonsa zai ga hakan, ba sai malami ya ɗaga bulala ba. Sai ya koma ya nemi inda kuskuren yake, ya gyara, ya sake gwadawa. A nan yaro ne malami, na'ura ce ɗaliba, ɗaliba kuwa marar wayo, wadda sai an yi mata bayani dalla-dalla. Ra'ayin Papert, wanda ya shimfiɗa a littafinsa na 1980, shi ne cewa wanda ya iya bayyana wa irin wannan ɗaliba abu, to ya fahimci abin. Ya rasu a 2016.

6.0 Yadda Tunani ya Zama Haja

Kamfanin LEGO na ƙasar Denmak ne ya fara mayar da wannan tunani babban ciniki. Bayan shekaru yana aiki da MIT, a 1998 ya fito da Mindstorms, akwatin tubala da inji da ƙwaƙwalwar lantarki. Gasa ta ƙara wa kasuwar wuta. Ƙungiyar FIRST da Dean Kamen ya kafa a 1989 ta yi gasarta ta farko a 1992. An fara RoboCup a Nagoya ta Japan a 1997, sannan gasar duniya ta World Robot Olympiad a Singafo a 2004. Kowace gasa tana buƙatar kaya, kowace makaranta mai son kofi kuma sai ta saya.

Daga nan farashi ya fara sauka. A 2005 wasu malamai a garin Ivrea na Italiya suka fito da Arduino, ɗan allon lantarki mai araha wanda suka bar tsarinsa a buɗe, kowa ya kwaikwaya. MIT ta saki Scratch a 2007, inda yaro ke jera umurni kamar tubali maimakon rubuta su. Raspberry Pi ya fito a 2012, a 2016 kuma BBC ta raba micro:bit kyauta ga yara kusan miliyan ɗaya a Birtaniya. Yawaitar wayoyin hannu ta sa batir da kyamara da ƙananan na'urorin ji suka yi arha, masana'antun Shenzhen a ƙasar Sin, irin su Makeblock, suka cika kasuwa da 'yan kekuna masu sauƙin kuɗi. Gwamnatoci su ma suka sa hannu. Tun daga 2014 Ingila ta wajabta koyar da tsara umurnin kwamfuta daga shekara 5. Iyaye masu hali kuwa, tsoron kada na'ura ta ƙwace aikin 'ya'yansu gobe ya sa suna buɗe bakin aljihu.

Gidan Pressey da Skinner ma bai mutu ba, ya dawo da surar mutum. Kamfanin Aldebaran na Faransa ya ƙera NAO, mai tsawon santimita 58, wanda ke tafiya yana magana, jami'o'i da makarantu suka saye shi a kan dubban daloli. A ƙarshen 2010 an gwada wasu mutum-mutumi masu koyar da Ingilishi a makarantun birnin Daegu na Koriya ta Kudu, amma malamai ne a ƙasar Filifin ke magana ta cikinsu daga nesa. Tun daga ƙarshen 2022, da ƙirƙirarriyar basira mai iya hira ta bazu, masu sayar da irin waɗannan sun samu sabon abin talla.

Kasuwa mai tashi ba ta hana faɗuwar 'yan kasuwa. LEGO ya daina yin Mindstorms a ƙarshen 2022, bayan shekara 24. Aldebaran ya shiga hannun kotu a 2025 saboda matsalar kuɗi. Makarantar da ta zuba dukiyarta a kan na'urar da mai ita ya rufe shago, ta rasa mai sabunta manhaja da mai sayar mata da kayan gyara. Idan wannan ya dami makaranta a Turai, ina ga wadda ke ƙauyen Donga?

7.0 Yunƙurin 'Yan Afirka

Tun da wuri wasu masana suka gane cewa farashi ne babban shinge. A 2012 Ayorkor Korsah ta jami'ar Ashesi a Gana da Ken Goldberg na jami'ar Kalifoniya suka kafa wata ƙungiyar masu nazarin mutum-mutumi ta Afirka, suka sa gasar ƙera na'urar koyarwa da ba za ta wuce dala 10 ba. Cikin waɗanda suka yi nasara akwai wadda aka haɗa da tsohon abin sarrafa wasan bidiyo da alewa mai tsinke guda biyu. A Lome, babban birnin Togo, a cibiyar WoeLab, Afate Gnikou ya haɗa na'urar buga abu mai jiki a 2013 daga tarkacen kwamfutoci da aka zubar. A Kwatano cibiyar BloLab ta riƙa koya wa yara haɗa kwamfuta a cikin jarka da tsofaffin sassa. A Dakar, Sidy Ndao ya kafa gasar mutum-mutumi ta ɗaliban Afirka, wadda ke tara matasa daga ƙasashe da yawa. A Nijeriya hukumar NITDA ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja a 2020.

Shiga fagen duniya ma yana da nasa ƙaya. A gasar FIRST Global ta farko, wadda aka yi a Washinton a 2017, an fara hana ɗaliban Gambiya da 'yan matan Afganistan takardar izinin shiga Amurka, sai da aka yi ta surutu kafin a ba su. Ban da haka, kusan dukkan waɗannan cibiyoyi a manyan birane suke, mafi yawa a bakin teku. Tsakanin Kwatano da Jugu akwai tafiyar fiye da kilomita 400, tsakanin makarantar kuɗi ta birni da ajin ƙauye kuwa ratar ta fi haka.

8.0 Abin da Tarihi ke Nuna wa Seru

Batu na farko shi ne kuɗi. Darajar sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 a kan yuro ɗaya. Akwatin koyarwa na yuro 100 ya kama fiye da sefa 65,000 tun kafin a sa kuɗin jirgi da na kwastan, alhali mafi ƙarancin albashi a Benin tun daga farkon 2023 sefa 52,000 ne a wata. Ajin da ke da yara masu yawa ba akwati ɗaya zai ishe shi ba. Duk kuɗin da aka kashe a nan kuwa, an hana shi ne ga benci ko littafi ko albashin malami.

Batu na biyu shi ne gyara. Allo ya rayu ɗaruruwan shekaru saboda mai yin sa yana cikin gari. Talabijin ɗin makaranta ya mutu saboda mai gyaransa yana nesa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. A kasuwannin Jugu da Faraku akwai masu gyaran waya da rediyo da babur, waɗanda suka saba da waya da batir da dalma. Na'urar da aka gina a kan buɗaɗɗen tsari irin na Arduino, wadda waɗannan masu sana'a za su iya buɗewa su canza mata sashe, ta fi kusa da ɗabi'ar allo fiye da rufaffiyar na'ura mai kyan gani wadda sai an mayar da ita Turai.

Batu na uku shi ne harshe, kuma shi ya fi shafar ɗaliban Hausa. Yaron Seru yana tashi ne da Yom ko Lokpa ko Dendi ko Fulatanci, wani kuma da Hausa, sannan ya tarar da Faransanci a aji. Idan na'urar ta zo da umurni cikin Ingilishi, an ƙara masa katanga ta uku. Amfanin kunkurun Papert shi ne yaro ya faɗi tunaninsa a fili, tunani kuwa da harshen uwa ya fi fita. An fassara Scratch zuwa harsuna fiye da 70, har da Hausa. Umurni irin su yi gaba, juya dama, maimaita sau huɗu, idan ka ga baƙi ka tsaya, duk maganar yau da kullum ce. Aikin da ya rage shi ne daidaita kalmomi da rubuta littattafan jagora, kuma wannan aikin masana harshe ne kafin ya zama na injiniyoyi.

Batu na huɗu shi ne malami. A zangon fatake, allo bai taɓa koyar da kowa ba sai da mai biya karatu a gefe. Na'urorin da aka yi niyyar su maye gurbin malami, daga akwatin Pressey zuwa talabijin ɗin Buwake, su ne suka fi saurin shuɗewa. Har darasin kunkuru ma ana iya fara shi babu lantarki: a zana gidaje a ƙasa, yaro ɗaya ya zama mutum-mutumi, sauran su ba shi umurni, su ga inda umurninsu ya kai shi. Malamin da ya iya wannan zai ci moriyar na'ura ranar da ta zo. Wanda bai iya ba, zai kulle ta a ofishin hedimasta don kada yara su lalata.

9.0 Kammalawa

An ga yadda hanyar Gwanja ta kawo allo da takardar Italiya, yadda mulkin Faransa ya kawo alli da littafi, da yadda talabijin da kwamfutar dala 100 suka zo da alkawari mai yawa suka bar kaɗan. An ga kuma cewa mutum-mutumin koyarwa gida biyu ne, mai koyar da yaro da wanda yaro ke koyarwa, kuma na biyun ne ya fi arha, ya fi kuma barin tasiri. Kasuwar za ta ci gaba da faɗaɗa, dillalanta kuma za su iso Donga kamar yadda 'yan koli suka iso a da. Fataken da suka yada zango a Jugu ba sa sayen goro sai sun buɗe huhu sun duba. Iyaye da malamai da hukumomin ilimi na yankin suna da haƙƙin yin irin wannan duba, su tambayi nawa ne, wa zai gyara, da wane harshe take ji, kuma wane malami aka horar kafin a sauke ta daga mota.